Bibiyar ciki bayan dashen ƙwai a Kano: tsinken kemis, ɗakin gwaji da kunshin asibiti, wanne ya ci kuɗinsa?

Ma'aurata da yawa daga Kano sukan yi dashen ƙwai, wato IVF, a wani gari: Abuja, Legas, wasu har Masar ko Indiya. Bayan an mayar da ɗan tayin cikin mahaifa sai su dawo gida, kuma a nan Kano ake yin makonni huɗu zuwa shida da za su nuna ko cikin zai zauna. Wasu kuma a cikin garin suke yin komai. Ko ta wace hanya aka bi, hidimar da ake saya a wannan tsakanin iri uku ce: tsinken gwajin fitsari na kemis, gwajin jini a ɗakin gwaji mai zaman kansa irin waɗanda suka cika titin Zariya da Zoo Road da kewayen manyan asibitoci, sai kuma kunshin bibiya da asibitin haihuwa ke sayarwa, mai haɗe da gwajin jini, magani da sikanin. Su za mu auna a nan, da ma'auni guda: shin hidimar tana iya gaya wa mace inda cikinta ya dosa, a kan lokaci, ba tare da ta jefa ta cikin kuskuren da ba ya gyaruwa ba?

Kafin komai, lissafin kwanaki. Nan ne ake yawan faɗuwa, har ma ga wasu ma'aikatan lafiya da ba su saba da masu dashe ba. Cikin dashe ba a ƙirga shi daga ranar al'ada ta ƙarshe. Ranar da aka ɗebi ƙwai ita ce mako 2 cif. Idan ɗan tayi mai kwana 5 aka dasa, ranar dashen tana daidai da mako 2 da kwana 5. Idan mai kwana 3 ne, mako 2 da kwana 3. Kenan kwana 9 bayan dasa mai kwana 5, ciki ya cika mako 4, kwana 23 bayan dashen ya cika mako 6, kwana 30 ya cika mako 7. Duk wata lamba da za ta fito a takardar gwaji ba ta da ma'ana sai an ɗora ta a kan wannan lissafi. Hajiya, ki rubuta ranar dashe da kwanakin ɗan tayin a takarda, ki ajiye a jaka, ki miƙa wa duk wanda zai ɗebi jininki ko ya yi miki sikanin tun kafin ya tambaye ki ranar da kika ga wata.

Tsinken kemis

Shi ne mafi arha, kuma a ganinmu shi ne mafi cutarwa ga mai dashe. Yawancin tsinkayen suna nuna layi biyu ne idan hCG, sinadarin da jiki ke fitarwa idan ciki ya kama, ya kai kusan 25 a cikin fitsari. Aikinsu kenan, eh ko a'a. Ba su san bambanci tsakanin 30 da 300 ba, alhali a wannan bambancin labarin yake.

Akwai kuma matsalar allurar nunar da ƙwai. Wadda ake yi kimanin awa 36 kafin ɗibar ƙwai sau da yawa ita kanta hCG ce, mai ƙarfin 5,000 ko 10,000, ko Ovitrelle mai 250. Ragowarta tana iya zama a jiki kwana 10, wani lokacin har 14. Mace ta gwada a kwana na 4 bayan dashe, ta ga layi biyu, a buga wa Umma waya, a fara barka, bayan kwana uku layin ya dusashe. Ba ɓari ta yi ba, allura ce ta bar jikinta. Ɗaya gefen kuma ya fi muni: ta sha ruwa da yawa, fitsari ya tsinke, tsinke ya nuna layi ɗaya a kwana na 7, ta yanke ƙauna ta daina matsa maganin riƙon cikinta, alhali ciki ya kama. Ga tsinken da ya kwana watanni a kanta cikin zafin Afrilu, lokacin da Kano kan haura maki 40, ko wanda kwanansa ya ƙare ba a duba ba. Wadda ta kasa haƙuri, to aƙalla ta jira kwana 10 bayan dasa mai kwana 5, ta yi da fitsarin farko na asuba, ta karanta cikin mintunan da aka rubuta a kwalin, kuma ko me ya nuna kar ta taɓa maganinta.

Ɗakin gwaji

A nan abu na farko shi ne a faɗi sunan gwajin daidai a wurin biyan kuɗi. Gwajin ciki na jini iri biyu ne. Akwai wanda za a ɗiga ruwan jini a kan tsinke a rubuto miki akwai ko babu. Wannan tsinken kemis ne ya sake riga. Wanda ake buƙata shi ne beta hCG na adadi, mai fitowa da lamba. Idan takarda ta fito ba lamba, an yi asarar kuɗi da rana guda.

Ana ɗibar jinin farko tsakanin kwana 9 da 14 bayan dasa mai kwana 5, ko kwana 12 zuwa 14 bayan mai kwana 3, gwargwadon tsarin asibitin da ya yi dashen. Ƙasa da 5 babu ciki. Daga 5 zuwa 25 wuri ne mai hazo, sai an sake. A daidai cikar mako 4, yawancin likitocin haihuwa hankalinsu kan kwanta idan lambar ta haura 100, su yi taka-tsantsan idan ba ta kai 50 ba. Amma 60 a kwana na 9 da 60 a kwana na 14 ba abu ɗaya ba ne. Ta farko tana iya zama ciki mai lafiya da aka riska da wuri, ta biyu kuwa ta makara ƙwarai.

Lamba ta biyu ta fi ta farko magana. Ana sakewa bayan awa 48. Abin da aka saba faɗa shi ne ta ninka cikin kwana 2 zuwa 3, amma ba dole sai ta ninka cif ba. An ga cikin da ya zauna lafiya da ƙarin kusan rabi kawai a awa 48, kaɗan ma da ƙarin kashi 35 cikin 100. A misali, 120 ta koma 250, madalla. Ta koma 190, har yanzu ana cikin fata, a sake na uku. Ta koma 135, ko ta tsaya cak, ko ta sauka ta sake hawa, to akwai abin dubawa: ko cikin da ba zai ɗore ba, ko wanda ya zauna a wajen mahaifa. Kuma gudun yana raguwa da kansa yayin da lambar ke girma. Bayan ta wuce 6,000 tana iya ɗaukar kwana 4 kafin ta ninka, daga nan ci gaba da ɗibar jini ɓarnar kuɗi ce da tayar da hankali, aikin ya koma hannun sikanin.

Raunin ɗakin gwaji mai zaman kansa ba a injin yake ba. Da yawa suna da injin da ke fitar da lambar nan cikin 'yan awanni. Raunin yana wurare uku. Na ɗaya, sauya wuri: an yi na farko kusa da gida, na biyu kusa da wurin aikin maigida. Injina daban, sinadaran gwaji daban, lambobinsu kan saɓa da abin da ya isa ya mayar da kyakkyawan hawa ya zama abin kuka. A tsaya wuri ɗaya, a lokaci ɗaya na yini. Na biyu, wasu wuraren karɓar jini kawai suke yi su aika wani wurin, sakamako ya kwana biyu, lokacin da ya zo an riga an wuce ranar gwaji na biyu. A tambaya tun kafin a biya: a nan kuke yi, kuma yaushe zai fito? Na uku, jadawalin da ake bugawa a ƙasan takarda, mai cewa mako kaza daga lamba kaza zuwa kaza. Faɗinsa ya yi yawa, kusan kowace lamba za ta shiga, kuma wasu jadawalan daga ranar ɗaukar ciki suke ƙirga makonnin, wasu daga ranar al'ada, tazarar mako biyu kenan. Mai ɗakin gwaji aikinsa ya fitar da lamba. Fassara ta likitan da ya san ranar dashe ce. Wani ƙaramin abu da ake mantawa: masu shan ƙwayar biotin mai ƙarfi don gashi da farce su faɗa, domin tana rikita wasu injinan.

Lamba babba ba ta tabbatar da tagwaye. Gaskiya ne masu tagwaye lambarsu kan fi girma, amma jaririn guda ma yakan ba da lamba mai tsawo. Haka nan idan an dasa biyu, duka suka kama, ɗaya ya tsaya da wuri, hawan lambar kan yi tangal-tangal na 'yan kwanaki sannan ya miƙe, ɗayan kuma yana nan lafiya. Wannan kaɗai ya isa dalilin da ba za a ce wa mace ta waya ta daina magani saboda lamba ɗaya ba.

Kunshin asibiti

Wannan ya fi tsada, kuma idan an yi shi yadda ya kamata shi ne ya ci kuɗinsa, saboda mutum ɗaya ne ke riƙe da zaren tun daga farko. Sai dai kunshi ya bambanta da kunshi, a nemi a rubuto abin da ke ciki. Mai kyau ba ya rasa gwajin hCG sau biyu aƙalla, duba maganin riƙon ciki, sikanin ta gaba a mako na 6 zuwa 7, wani a mako na 8 zuwa 9, da lambar wayar da ake ɗagawa da tsakar dare.

Maganin riƙon ciki, wato furojestaron, ya cancanci a tsaya a kansa. Wadda aka dasa wa ɗan tayin da aka daskarar, aka shirya mahaifarta da ƙwayoyi kaɗai ba tare da ta saki ƙwai ba, jikinta ba ya yin wannan sinadari ko kaɗan a farkon cikin. Abin da take matsawa ko ake yi mata allura shi ne duk abin da cikin ke tsaye a kai, har sai mabiyiya ta karɓi aikin wajen mako na 7 zuwa 9, shi ya sa ake ci gaba har mako na 10 zuwa 12. Abin da aka saba rubutawa shi ne Cyclogest 400 na matsi safe da dare, ko Utrogestan 200 sau uku, ko allurar da aka haɗa da mai, ta 50, kullum, wasu a haɗa da Duphaston 10 na sha. A irin wannan dashe, idan furojestaron na jini bai kai kusan 10 ng/mL ba a ranar dashe, an lura ɓari ya fi yawa, kuma ana iya gyarawa da ƙarin allura. Tarko biyu a nan. Wasu ɗakunan gwaji da nmol/L suke rubutawa, kuma 10 ng/mL kusan 32 nmol/L ne. Wanda bai duba ma'aunin ba zai ga 20 ya ce lafiya lau alhali bai kai ba. Sannan Duphaston ba ya fitowa a gwajin nan, mai shan sa kaɗai za ta ga lamba ƙasa ta firgita a banza.

Maganin matsi da kitse ake haɗa shi don ya narke a jiki, saboda haka yana narkewa a jaka, a mota, a kan durowa lokacin bazara. A ajiye shi a wuri mafi sanyi a ɗaka, nesa da rana. Farin abin da ke fitowa bayan an matsa ragowar kitsen ne, maganin ya riga ya shiga. Asibitin da ya san aikinsa zai faɗi waɗannan tun ranar sallama, ya kuma tabbatar kina da wanda zai kai ki aƙalla mako biyu gaba, don kar a wayi gari ana zagaye kemis-kemis ranar Juma'a da yamma ana neman kwali ɗaya.

Sai sikanin. A farkon ciki na saman mara ba ya wadatarwa, na ta gaba ake buƙata, kuma ba ya zubar da ciki. Wadda take son mace ce ta yi mata ta faɗa tun wajen karɓar lokaci, haƙƙinta ne ta nema. Jakar cikin kan bayyana wajen mako na 5, ƙaramin zoben da ke ciyar da ɗan tayi a tsakiyar mako na 5 zuwa na 6, bugun zuciya wajen mako na 6. A mako na 6 bugun da bai kai 100 a minti ba abin lura ne, a mako na 7 ana son ya haura 120. Zoben da ya wuce milimita 7, ko jakar da ta matse ɗan tayin har tazarar awonsu ba ta kai milimita 5 ba, alamu ne masu sa a sake dubawa, ba hukunci ba ne.

Hukunci yana da ƙa'idarsa, kuma a nan ne muke raba mai sikanin da ya ƙware da mai gaggawa. Ba a cewa ciki ya lalace sai tsawon ɗan tayi ya kai milimita 7 babu bugun zuciya, ko faɗin jaka ya kai milimita 25 babu ɗan tayi a ciki. Ƙasa da haka ana jira ne a sake: kwana 14 idan jaka ce fanko, kwana 11 idan an ga zoben, aƙalla mako guda idan an ga ɗan tayi ƙarami ba bugu. Mace ta je a mako na 5 da kwana 3 don ta ƙagu, a ce ba a ga komai ba, a rubuta mata wankin ciki ko ƙwayar zubarwa, wannan shi ne kuskuren da ba ya gyaruwa. Duk wadda aka ce mata a wanke, ta tambayi awon milimita, ta ga an rubuta a takarda. Idan kuwa awon ya cika ƙa'ida, kuma an sake an tabbatar, to zancen cewa cikin kwanciya ya yi zai tashi daga baya ba ya da wurin zama. Jinkiri a nan zubar jini da ƙwayar cuta yake jawowa.

Akwai abin da ba ya jiran ranar da aka ba ki. Ciki a wajen mahaifa yana faruwa ko da likita da hannunsa ya ajiye ɗan tayin a cikinta, kusan 2 cikin 100 na cikin dashe, ya fi haka ga waɗanda toshewar bututun ƙwai ce ta kai su dashen, kuma su ne kaso mai yawa a ƙasar nan. Idan hCG ta haura 1,500 zuwa 3,500 ba a ga jaka a mahaifa ba, dole a neme shi. Idan an dasa biyu ko uku, ɗaya na iya zama a ciki ɗaya a bututu, don haka ganin jaka a mahaifa bai sallami mai sikanin daga duba gefe da gefe ba. Ciwon mara gefe ɗaya mai tsanani, jiri, suma, ciwon kafaɗa: a tafi sashen gaggawa na babban asibiti mafi kusa, ko na Malam Aminu Kano, ko Murtala, ko Nasarawa, a faɗa musu dashe aka yi da ranar da aka yi. Haka wadda aka ɗebar wa ƙwai masu yawa cikinta ya kumbura, numfashi ya yi wuya, fitsari ya ragu kwana 10 ko fiye bayan ɗiba. Kumburin ƙwai ne da ciki kan tayar. Ɗigon jini kaɗan kuwa ya zama ruwan dare a cikin dashe, sau da yawa daga bakin mahaifa ne saboda matsi. A sanar da likita, a ci gaba da magani.

Abin da aka riga aka sani tun kafin gwaji

Asibitin kirki ba ya jiran lamba kafin ya gaya wa ma'aurata matsayinsu. Mafi ƙarfin ma'auni shi ne shekarun mace a ranar da aka ɗebi ƙwan, ba ranar dashe ba. Ɗan tayin da aka daskarar tana da 32 yana nan da ƙarfin 32 ko da ta kai 37. Kimanin rabin ɓarin farkon ciki daga kuskuren ƙwayoyin halitta na ɗan tayin ne, kuma kuskuren yana ƙaruwa da shekaru: ɓari kusan 1 cikin 10 ne ga 'yar shekara 25 zuwa 29, ya haura rabi bayan 45. Wannan ya kamata dangin miji su ji, domin ba hawa adaidaita sahu ba ne, ba shara ba ce, ba ruku'u da sujada ba ne. Kwanciya a gado mako biyu ba ta ƙara wa dashe komai. Gwajin AMH da ake ta magana yawan ƙwai yake nunawa, ba ya faɗin ko ciki zai zauna bayan ya shiga.

Sai darajar ɗan tayin, irin 4AA ko 3BB da ake rubutawa: lambar girman buɗewarsa ce, harafin farko sashen da zai zama jariri, na biyu sashen da zai zama mabiyiya. AA ya fi samun nasara, amma BB da yawa sun zama yara masu gudu a tsakar gida. Sai kaurin shimfiɗar mahaifa, da ake son ya kai milimita 7. Sai bututun da ya cika da ruwa, wanda ke rage nasara da kusan rabi idan ba a cire ko an ɗaure shi kafin dashe ba. Sai ƙarin da ya kutso cikin ramin mahaifa, da ciwon suga da ba a daidaita ba, da matsalar maƙoƙo, da ƙiba mai yawa. Kunshin da bai tambayi ko ɗaya daga waɗannan ba, jini kawai yake sayarwa.

Zazzaɓi kuma, musamman daga Yuli zuwa Oktoba da sauro ke tashe a Kano: a yi gwajin maleriya a ranar, likita ya zaɓi magani, a sauke zafin da farasitamol. Kar a sha Fansidar a watanni ukun farko, kar a sha ibuprofen ko diclofenac, kar a karɓi jiƙon riƙon ciki daga kowa komai kusancinsa. Folik asid na maikirogiram 400 kullum ya ci gaba, mai sikila ko suga likita zai ɗaga mata zuwa miligiram 5. Mai rukunin jini nagetif ta faɗa da zarar ta ga jini, don a duba batun allurar anti-D, mai hana jikinta yaƙar jinin jariri.

To wanne za a saya? Wadda ta yi dashe a wani gari, abin da muke ganin ya fi shi ne ta haɗa biyu: ɗakin gwaji guda mai fitar da lamba a yini, da likitan mata guda a Kano da aka kai wa takardun dashen tun kafin ranar gwajin farko, shi kuma yana magana da asibitin can. Wadda ta yi a gida ta ɗauki kunshin, bayan ta ga abin da ke ciki a rubuce. Tsinken kemis a bar shi a kanta. Idan aka ga bugun zuciya mai kyau a mako na 7 zuwa 8, haɗarin ɓari ga 'yar ƙasa da 35 kan sauka ƙasa da 10 cikin 100, ya fi haka ga wadda ta haura 40. Daga mako na 10 zuwa 12 asibitin dashe kan sallame ki zuwa awon ciki na yau da kullum; a karɓi takardar da ke ɗauke da ranar dashe, adadin da aka dasa, ranar haihuwa da aka lissafa daga dashen, da ranar daina kowane magani, don kar sikanin na gaba ya sauya miki kwanan wata.